Yadda Nake Jinyar Mikin Doki da Bagaruwa, Dogon Yaro da Zuma

A nan Bauchi, makon da ya biyo bayan hawan Sallah shi ne makon miki. Dokin da ya yi watanni a turke sai a ɗora masa sirdi da kaya masu nauyi, a yini ana sukuwa, gumi ya jiƙa gadon bayansa, fata ta saluɓe. A bargar mahaifina na koyi jinyar irin wannan ciwo da itatuwan gida, kuma har yau da su nake fara wa dawakina magani, muddin ciwon a fata yake, ina ganin iyakarsa da idona.

Kafin a yi zancen kowane ganye, wanki ne farko. A tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali biyu ba tare da tozo ba, a bari ya huce. A sa almakashi a rage gashin da ke gefen mikin, domin a nan ruwan ciwo yake daskarewa ƙuda ya samu wurin zama. Sai a riƙa kwarara ruwan daga sama da buta mai tsabta har ƙasa da mugunya su fita. Kada a goge da ƙarfi. Wannan jan naman mai sheƙi da yake tasowa shi ne warakar, wanda ya kankare shi ya mai da aiki baya. Ni a ganina rabin jinyar ke nan.

Idan mikin mai tsatsar ruwa ne, irin na gogar sirdi ko majayi, bagaruwa nake ɗauka. Abin da ke cikin kwansonta mai ɗaure baki, wanda masana ke kira tanin, shi ne yake sa majema su jeme fata da ita ta daina ruɓewa, kuma shi ne yake tsane miki ya takura wa ƙwayoyin cuta. Ina sayen busasshiya a kasuwar Muda Lawal, in duba wadda ba ta yi fumfuna ba. A ɗebi cikin tafin hannu biyu, a fasa a zubar da 'ya'yan, a daka kwanson sama-sama, a tafasa a ruwa lita biyu kamar minti 20. Ruwan zai yi launin shayi mai kauri. A tace da farin ƙyalle har sau biyu, don ɗan tsinken da ya maƙale a miki ya isa ya hana shi rufewa. A wanke da shi safe da yamma, kullum a dafa sabo. Da zarar mikin ya tsane, bakinsa ya fara haɗuwa, a dakata. Masu barbaɗa garin bagaruwa har ya yi ɓawo mai kauri suna jin daɗin ganin wurin ya bushe, alhali sau da yawa mugunya tana taruwa a ƙarƙashi.

Ganyen dogon yaro kuwa na fi amfani da shi wajen ƙuraje da ƙaiƙayin damina, da wanke kewayen ciwo don rage ƙuda. Ɗanyen ganye a tafasa, a tace, a shafe jiki da shi bayan kilisa. Ba na ɗura wa doki shi.

Zuma ce na fi yarda da ita a kan mikin da ya buɗe. Sukarin da ke cikinta yana zuƙe ruwan da ƙwayoyin cuta suke rayuwa da shi, tana da ɗan tsamin da ba sa so, sannan ba ta barin bandeji ya manne wa sabon nama. A Jami'ar Sidni ta Ostareliya an gwada zumar manuka, wadda ƙudan zuma ke yi daga furen wani itace mai wannan suna, a raunukan ƙafar dawaki, aka ga sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka bari ba magani. Tamu ba manuka ba ce, amma ɗanyar zuma daga hannun mai amya tana aiki. Matsalar ita ce ta kasuwa, wadda aka dafa ko aka yi wa algus da sukari. A shafa zumar a kan gozi mai tsabta, wato farin ƙyallen kemis na rufe ciwo, a lulluɓe mikin, a naɗe, a canza kullum. Idan aka bar ta a buɗe, tururuwa da ƙuda za su riga ka. A ƙasan gwiwa sai an sa ido sosai, domin a nan nama yake tsirowa ya zarce fata, kuma idan ya kai haka sai likita ya datse shi.

Da damina ta zauna, kofato ma yana kamuwa. Ɗaga ƙafar ka duba tsagin da ke tsakiya: idan ka ga baƙin danƙo mai wari, ruɓewa ta fara. A ƙwaƙule da ƙarfe marar kaifi, a wanke, a tsoma kofaton cikin ruwan bagaruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, a shanya. Amma in dai dokin zai koma ya tsaya cikin fitsari da kashi, aikin banza ne. A kwashe, a zuba busasshen yashi a gindin turke.

Akwai abubuwan da nake roƙon 'yan barga su bari. Baƙin mai na inji da garin batir guba ne a miki. Nonon tumfafiya yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa illa ce babba. Kashin shanu da ƙasa su ne gidan ƙwayar tetanus, cutar sandarewar jiki, doki kuma yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Tafarnuwa da ake ta yabo, ɗanyarta tana ƙona miki, yawan ba doki ita a dusa kuma yana lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, haka ma albasa.

Kowane mai doki ya mallaki ma'aunin zafi na kemis. Zafin jikin lafiyayyen babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya haura haka, ya bar cin harawa, ko kumburi yana hawa ƙafa, ciwon ya shiga jiki, kuma babu jiƙon da zai maye gurbin allurar likitan dabbobi. Haka idan ƙusa ta soki kofato, ko raunin yana kan gaɓa, ko a ido: ranar nan a kira likita, a yi allurar tetanus. Wanda ya jira sai dokin ya sandare, kunnuwa a tsaye, wutsiya a ɗage, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, da wuya ya tsira da shi. Dokin da ƙasan haɓarsa ya kumbura yana zubar da majina mai kauri, ko wanda ƙuraje suka jeru masa a ƙafa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, a ware shi nan take da bokitinsa da linzaminsa, kada a kai shi hawa, mai jinyarsa kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa sauran.