Yadda na gyara birkin tsohuwar fijo 504

Fijon mahaifina ta kwashe damina biyu a ajiye a Tudun Wada, Gombe. Ranar da na tayar da ita sai ta riƙa ja hagu, tayar gaba ta yi zafi kamar kaskon tuya.

Da na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ashe tsatsa ce ta riƙe fistan da ke cikinsa, mai tura birkin. Man birki yana shan danshi, kuma namu ya koma kamar kunun kanwa. Na turo fistan waje da iskar famfo, na goge ramin da sanfefa mai laushi. Fistan ɗin kuwa ya yi ramuka, sai da na sayi sabo. Kada ka wanke robobin birki da fetur, kumbura suke yi. Na zuba sabon man birki nau'in DOT 4, ƙanena yana taka birki ina fitar da iska.