Yadda za ka raba hannunka da waya in kana tuƙi

Mota in tana gudun kilomita 100 a awa, duk sakan ɗaya tana cinye wajen mita 28. To ka lissafa, ka ɗauki waya ka buɗe WhatsApp ka karanta saƙo, a ce sakan biyar kawai ka ɗauka, ka yi kusan mita 140 kenan idonka ba ya kan titi, ya ma fi tsawon filin ƙwallo. Ko a cikin gari da kake lallaɓawa a 50, sakan biyu ya ishe ka ka ci wannan mita 28 ɗin, kuma a cikinsu ne yaro zai tsallako ko na gabanka ya taka birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu.

Ni dai a ganina duk wanda ya ce zai ajiye wayar a cinyarsa amma ba zai taɓa ba, yaudarar kansa yake. Tana yin ƙara hannu zai kai tun kafin ka yi shawara. Don haka aikin tun kafin ka tayar da mota ake yinsa. Sa wayar a sailent, ka jefa ta cikin jaka ko kujerar baya inda sai ka tsaya za ka iya kai hannu, in kuma iPhone ce akwai tsarin tuƙi a setin, a sashen da ake kira Focus, da yake toshe saƙonni har ya tura wa mai nemanka amsa cewa kana kan hanya, wasu wayoyin Android ma suna da makamancinsa a setin, minti biyu ya ishe ka ka kunna shi. In akwai wanda ka san zai neme ka, kira shi tun motar na tsaye ka ce ga ka nan za ka kama hanya.

Taswira ita ce uzurin da kowa ke fakewa da shi. Shigar da inda za ka tun kana fakin, ka duba hanyar sau ɗaya ka san manyan kwanonin da za ka sha, ka maƙala wayar a mariƙinta daidai saitin ido, ka kunna muryar ta riƙa faɗa maka. In ka ɓata hanya kar ka fara latse-latse kana tafiya, ka wuce abinka, ita da kanta za ta sake lissafi. Haka madubi, kujera, bel, rediyo da AC, duk ka gama da su kafin ka sa giya.

Sai maganar Bluetooth da abin kunne, wanda mutane suka ɗauka shi ne maganin komai. Eh, hannu biyu na kan sitiyari, amma hankalin fa? Ita Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ce bambancinsa da riƙe waya a hannu ba wani mai yawa ba ne wajen haɗari, don ido na iya kallon titi amma ƙwaƙwalwa tana can wajen ciniki ko rigimar da ake yi a wayar, sai ka ga mutum ya wuce danja ta nuna ja kuma ya rantse bai gan ta ba. Hausawa dai sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. In kiran ya zama dole, ka sa sigina, ka nemi wuri mai kyau ka sauka daga titi gaba ɗaya, ba a kan kwana ko saman gada ba, ka gama maganarka sannan ka ci gaba. Fasinjan da ke gefenka ya fi sauƙi, don shi yana ganin abin da kake gani, in tirela ta danno zai yi shiru da kansa, wanda ke waya kuwa bai san me ke gabanka ba, surutunsa kawai yake zubawa.

A danja da gosulo ma kar ka ce ai a tsaye nake, da an saki hannu za ka taka totur rabin hankalinka na kan abin da ka karanta.

In da yara a baya, ka ɗaure su da bel ka ba su abin wasansu tun farko, in rigima ta kaure ka yi fakin ka raba, kar ka waiwaya kana tafiya. Abu ya faɗi ƙasan kujera ka ƙyale shi sai an tsaya, sai dai in robar ruwa ce ta gangaro wajen ƙafarka, wannan kam ka rage gudu ka tsaya nan take ka cire ta, don in ta shige ƙarƙashin birki ba zai taku ba. In kuma kai ne fasinja ka ga direba na latsa waya, ka ce masa dan Allah kawo na amsa maka, ka karɓe ta.