Yadda Mai Rikicewar Bugun Zuciya Zai Kare Kansa Daga Daskarewar Jini

Idan ɗakunan sama na zuciya suka daina bugawa a kan tsari suka koma karkarwa, jini yakan kwanta a wani lungu na ɓangaren hagu har ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai a ji an ce ɓarin jiki ya shanye. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai wannan rikicewar bugun zuciya ya ninka na sauran mutane kusan sau 5.

Da farko, a tabbatar da cutar ta hanyar gwajin ECG mai nuna tsarin bugun zuciya, wanda ake yi a asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Likita zai duba shekaru, musamman daga 65 zuwa sama, da hawan jini, da ciwon suga, kafin ya rubuta maganin tsinka jini. Asfirin ba ya wadatarwa, ko da mai kemis ya ce haka.

Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini na warfarin sai ya jure wa gwajin jini na INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai, domin galibi ana so sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. A nan ne abincinmu ya shigo, saboda ganyaye irin su zogale da alayyahu suna ɗauke da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Ba a ce a daina cin su ba; abin da ake gudu shi ne a cika ciki da kwaɗon zogale wannan mako, mako mai zuwa a ƙaurace masa. Sababbin magunguna irin su apixaban da rivaroxaban ba sa buƙatar wannan gwajin, sai dai sun fi tsada, kuma ba su dace da wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya ba. Mace mai ciki ta sanar da likita tun da wuri.

Kada a tsallake magani don an ji sauƙi, kuma kafin azumi a nemi likita ya daidaita lokutan sha. A guji diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen gargajiya, haka nan ƙahon wanzami, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da haɗarinsa. Haɓon da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, ko karkacewar baki da sarƙewar magana, duk suna nufin a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.