Yadda za ka zaɓi injin da zai riƙe shafinka in RAM ɗin sabarka kaɗan ce

Yawancin masu koyon da suke zuwa wurina da kukan "shafina ya mutu cikin dare" matsalarsu iri ɗaya ce, sun kama VPS, wato sabar haya, mai RAM 512MB ko 1GB saboda da dala ake biya, sannan suka jibga mata kayan babbar saba.

Kafin komai buga free -h ka duba lambar da ke ƙarƙashin available. Wannan shi ne jarinka bayan Ubuntu ta ci rabonta, da shi za ka yi lissafi.

Sai zaɓen injin, wato manhajar da za ta tafiyar da kod ɗin shafinka. Ni dai a irin wannan saba ba na ko kallon Spring Boot ko Rails, suna da kyau amma ciki gare su. In PHP ka iya, haɗa Nginx da PHP-FPM, ka rabu da Apache mai mod_php. In Python ne ɗauki Flask da Gunicorn. In kuma ka iya Go to ka huta, fayil ɗaya za ka ɗora ya tashi, PocketBase ma haka take, fayil ɗaya da SQLite a cikinta. Duk kyauta ne kuma kod ɗinsu a buɗe yake.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen ma'ajiyar bayanai. Mutum zai zaɓi Flask mai sauƙi yana murna, sai ya saka MySQL 8 da saitin da ya zo da shi, alhali shi kaɗai yana iya lashe 300MB zuwa 400MB tun ba wanda ya shigo shafin, to da RAM ta cika sai Linux ta sa OOM killer ya kashe wanda ya fi ci, galibi MySQL ɗin ne, kai kuma da safe ka tarar da kuskure ka yi ta tonon kod ɗinka a banza. Buga dmesg ka nemi layin Out of memory, zai gaya maka wa aka kashe. Shafin makaranta ko na shago SQLite ta wadatar, ba ta da wani shiri da ke zaune yana cin RAM, ka kunna mata WAL kawai, wato saitin da ke bari a karanta bayanai ana cikin rubutawa. In lallai sai MySQL, koma MariaDB ka rage innodb_buffer_pool_size, wato RAM ɗin da take ware wa bayanai.

Yanzu ƙirga wokas, wato shirye-shiryen da ke amsa buƙatun masu shiga shafin. Buɗe htop ka ga nawa guda ɗaya yake ci, misali in 40MB ne kuma 300MB ta rage maka, 7 ke nan, amma sa 5 a pm.max_children na PHP-FPM ka bar sarari. Gunicorn kuwa 2 sun isa.

Yi swap, wato wuri a kan diski da ke agaza wa RAM in ta cika, na 1GB da fallocate, mkswap da swapon, ka rubuta shi a /etc/fstab. Kuma don Allah kar ka yi npm run build a kan sabar don yana cin RAM, yi a laftof ɗinka ka tura abin da ya fito da rsync.