Yadda Ake Auna Tauraron Labari da Alamomin Otizim

A zaurukan WhatsApp na masu karanta littattafan Hausa a Gusau, Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, da zarar an kai ƙarshen littafi ko fim mai dogon zango, musu kan tashi a kan tauraro guda. Shi ne wanda ba ya kallon idon mutane, ba ya gane gatse, kullum yana kan abu ɗaya. Wata ta ce miskili ne, wani ya ce girman kai ke damunsa, wani kuma ya ce ai otizim ne. Tauraron labari ba zai je asibiti a duba shi ba, don haka duk abin da za a faɗa hasashe ne. Amma akwai hasashen da aka ɗora a kan hujja, kuma ga yadda ake yin sa.

A fara daidaita suna. Kafafen yaɗa labarai na Hausa kan ce galahanga, sai dai a bakin mutane kalmar ta zama buhu: ana zuba mai shanyewar gaɓoɓi, da mai jinkirin fahimta, da mai otizim duk a ciki. Waɗannan lalurori daban-daban ne. A nan otizim za mu ce, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da yadda yake maimaita wasu halaye.

Kafin ka buɗe littafin, bincika ko marubucin ya yi magana. Wani labarin ya faɗa da bakinsa. Rizwan na fim ɗin Indiya My Name Is Khan, na 2010, an bayyana a cikin fim ɗin cewa yana da nau'in otizim da a lokacin ake kira Asperger, saboda haka babu abin hasashe, sai dai a tattauna ko an nuna shi daidai. Wani marubucin ya yi shiru, kuma nan ne filin aikinka. Sai tsofaffin ayyuka. Likita Leo Kanner ya wallafa bayaninsa na otizim a kan yara 11 a Amurka a 1943, likita Hans Asperger ya biyo baya a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 1944. Littattafan Hausa na gasar rubutu ta 1933 sun riga su duka. Marubucin wancan zamani yana iya kwaikwayon wani mutum da ya sani a garinsu, amma kada ka ce ya yi nufin lalurar da ba a bayyana ta ba tukuna.

Ma'aunin da za ka ara shi ne na likitoci, kundin DSM-5 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda ya narkar da Asperger cikin otizim. Ya raba alamomi gida biyu. Gidan farko na mu'amala ne, abu uku, kuma dole a samu ukun duka: wahalar musayar zance, wato ba-ni-in-ba-ka na hira, wahalar maganar da ba ta baki ba, irin ta ido da fuska da hannu, da wahalar ƙulla abota, riƙe ta, da gane cewa zama da kawu daban yake da zama da aboki. Gida na biyu abu huɗu ne, biyu sun isa: maimaita motsi ko magana, nacewa a kan tsari ɗaya da tashin hankali idan an canza shi, ƙwallafa rai a kan wani abu fiye da kima, da jin ƙara, haske, wari ko taɓi fiye da yadda kowa ke ji, ko ƙasa da haka. Bayan waɗannan akwai sharuɗɗa: abin ya faro tun ƙuruciya, yana wahalar da rayuwar mai shi, kuma ƙarancin fahimta kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Mafi yawan hasashen da ake yi a zauruka a nan yake faɗuwa, domin alama ɗaya ake kamawa a yanke hukunci.

Sami littafin rubutu, ka ja layi ka raba shafi huɗu: wurin da abin ya faru (babi da shafi, ko kashi da minti), abin da tauraron ya yi, da wa ya yi shi, da abin da ya faru daf da hakan. A gurbin abin da tauraron ya yi, rubuta abin da ido ya gani kawai. "Ya yi wa kawunsa rashin kunya" fassararka ce. "Kawunsa ya ce masa ina gajiya, shi kuma ya shiga zancen batirin waya" shi ne abin da ya faru. Tara fage goma zuwa sha biyar daga farko, tsakiya da ƙarshen labarin. Shawararmu ita ce kada ka ƙirga wata alama sai ta fito sau uku, tare da mutane daban-daban. Halin da yake nuna wa kishiyar uwarsa ita kaɗai rikicin gida ne.

A ce wani labari ne da aka gina a Tudun Wadar Gusau, tauraronsa Habibu, ɗan shekara 17, yana gyaran waya a shagon kawunsa. Innarsa ta aike shi ya ƙi motsi, ta ce cikin fushi, "To zamna nan, kada ka tashi sai gobe." Aka yi la'asar, aka yi magariba, ta fito ta iske shi a kan tabarmar. "Habibu, mi yah hana ka zuwa masallaci?" Ya ce, "Ke kic ce in zamna, Inna." Babu fushi a fuskarsa, babu alamar ramuwa. Wannan fage ne mai nauyi, domin Hausa ta cika da gatse, habaici, zambo da karin magana, kuma ɗan shekara 17 da aka haifa a cikinta ya kamata ya gane cewa Inna akasin maganarta take nufi. Amma duba abu biyu kafin ka rubuta. Da ɗan shekara huɗu ne, babu komai a ciki. Da kuma marubucin ya nuna yana murmushi bayan ta juya baya, to ya gane sarai, taurin kai ne.

Mataki na gaba shi ne wanda masu kwafo jerin alamomi daga intanet ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci: a tace al'ada. An tsara ma'aunin ne a ƙasashen da ake koya wa yaro ya kalli idon babba idan yana magana. A nan yaron da ya tsura wa mahaifinsa ido shi ake kira marar kunya. Budurwa ta sunkuyar da kai gaban surukai, amarya ta yi kwanaki ba ta ɗaga murya, uwa ta ƙi kiran sunan ɗan fari ko nuna kulawa da shi a bainar jama'a, duk kunya ce da kara. Saboda haka kada ka auna kallon ido a fagen da tauraro yake gaban babba. Nemi fagen da yake da tsararsa, ko ƙaninsa, ko abokin wasansa. Idan Habibu ba ya haɗa ido da ƙanwarsa, kuma taubashinsa ya tsokane shi ya ɗauki maganar da gaske har ya shiga kawo hujjoji, ka samu abin rubutawa.

Haka gida na biyu na ma'aunin. Ɗalibin makarantar allo yana rangaji gaba da baya lokacin karatu, kuma duk tsangayar haka take yi. Dattijo yana jan carbi. Gida yana cin tuwo kowane dare. Sallah biyar ta tsara wa kowa yininsa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da za ka ƙirga. Abin dubawa shi ne me ke faruwa idan an taɓa tsarin. An ɗauke masa kwanon da ya saba ci a ciki, ya kwana da yunwa. An bi da shi ta wata hanya zuwa shago, ya tsaya cak yana kaɗa hannuwa. Miyar kuɓewa ba ya iya haɗiye ta saboda yauƙi, har ya yi kakarin amai. Ranar biki mata suka rangaɗa guɗa, ya toshe kunnuwa ya shige ƙuryar ɗaki, ƙarar janareton maƙwabta ma haka. Sha'awa kuma ana auna ta da ƙarfi da wuri. Mai gyaran waya ya san lambobin batura, sana'arsa ce. Wanda ya je gaisuwar rasuwa ya shiga jera wa mai zaman makoki lambobin batura, bai lura da fuskokin mutane ba, nasa ya wuce sana'a.

Daga nan ka tambayi labarin: yaushe abin ya fara? Ga labarin da aka gina a Zamfara wannan tambaya ba ta ado ba ce. Yarinyar da take surutu da wasa, sai 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu ta daina magana, tana firgita da ƙarar babur, firgici ke damunta, kuma marubucin ma abin da yake son ka gani ke nan. Yaron da ba ya amsa kira bayan ya tashi daga sanƙarau, irin annobar da ta yi ɓarna a jihar a 2017, wataƙila kunnensa ne ya tafi. Labarin da ya shafi ƙauyukan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum kuwa, a tuna gubar dalma da aka gano a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Sai tsananin kunya, da baƙin ciki mai tsawo, da maraicin da aka tashi a cikinsa ba mai kula. Otizim tare da mutum yake tasowa. Nemi babin waiwaye, ko maganar kaka irin "tun yana goye haka yake, ko an kira shi ba ya waiwayowa." Idan labarin bai ba ka komai na ƙuruciya ba, rubuta cewa hujjarka gurguwa ce ta wannan ɓangaren.

Fim ɗin da aka fassara yana da nasa tarko. Muryar da kake ji ta mai fassara ce, kuma sau da yawa ana ƙara barkwancin da babu shi a asali, ko a ba tauraro muryar dolo don a yi dariya. Kada ka yi hukunci a kan karin murya ko zaɓin kalmomi daga fassara. Kashe sautin ka kalli jiki, ko ka nemi na asali.

Tambayi kuma aikin da tauraron ke yi wa labarin. Dolo ko gaula na wasan barkwanci an gina shi ne don ya yi kuskure a yi dariya, kuma kuskurensa yana canzawa gwargwadon abin da fagen ke buƙata: yau bai gane magana ba, gobe ya yi wa mai gida wayo. Babu daidaito, don haka ba ya aunuwa. Miskilin attajiri na littattafan soyayya, mai magana ɗaya-ɗaya, yakan narke da zarar ya faɗa soyayya, ya koma gwanin kalamai a babi uku. Soyayya ba ta sauya yadda ƙwaƙwalwa ke karanta fuska. Gizo kuwa, duk da tsamin bakinsa, a cire shi tun farko, domin duk dabararsa a kan sanin abin da ke zuciyar Kura da Zaki take.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko neman baiwa ta ban mamaki. Fim ɗin Rain Man na 1988 ya dasa wa duniya hoton mai otizim da ke ƙirga abu da kallo ɗaya, alhali Kim Peek, mutumin da ya zaburar da labarin, matsalarsa ta halittar ƙwaƙwalwa ce ta daban. Masu irin wannan baiwa tsiraru ne, kuma babu ita a cikin ma'aunin kwata-kwata. Na biyu ɗaukar mugu marar tausayi a ce shi ne. Mai otizim yakan kasa karanta fuskarka, amma idan ya gane kana cikin damuwa abin yakan dame shi ƙwarai. Mugun da ke yaudarar mutane da daɗin baki gwanin karanta zuciya ne. Na uku mantawa da mata. Ana gano lalurar a maza kusan ninki huɗu na mata, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne mata sun fi ɓoye ta da kwaikwayo. A labari, nemi wadda ta haddace gaisuwa kamar karatu, tana kallon yadda yayarta ke dariya ta yi irinta, ta dawo daga suna ko biki ta kulle ɗaki ta kwanta kamar wadda ta yi noma. A gidan Bahaushe irin wannan yarinya yabo ma take sha, ana cewa natsattsiya ce.

Idan ka zo rubuta sakamako a zaure, kawo fagen da lambar shafi, ka kawo wanda ya saɓa maka shi ma. Ka ce, misali: Habibu ya cika ukun gidan farko a fage takwas, ya cika biyu a gida na biyu, kaka ta ba da shaidar ƙuruciya a babi na 4, amma a babi na 19 ya gane habaicin matar kawunsa nan take, kuma wannan bai dace da sauran ba. Furucin da ya dace shi ne "yana nuna alamomin da suka yi kama da otizim". Guji tabaɓɓe, mahaukaci ko ɗan ruwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim, kuma a zaure mai mutum ɗari biyu da wuya a rasa uwar irin wannan yaro tana karantawa.

Wannan aiki ya tsaya a kan taurarin labari. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 1973 suka hana kansu faɗin lalurar fitaccen mutumin da ba su duba ba, balle mai karatu ya ɗora wa ɗan wasan da ya fito a fim, ko maƙwabci, ko marubuciyar. Idan wata a zauren ta ce Habibu kamar ɗanta, a bar littafin rubutun gefe. A ba ta shawara ta kai shi sashen yara na babban asibiti a Gusau, a fara da gwajin ji, daga nan likita ya tura su inda ya dace, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ta tafi da bayanin shekarun da ya fara magana, ko yana nuna abu da yatsa, da ko yana waiwayowa idan an kira sunansa.