Yadda ake haɗa gajeren fim mai tsinka zuciya da wayar hannu

Kusan duk wata sai wani yaro a nan Gusau ya turo mini fim ta WhatsApp, ya biyo da saƙon murya: "Yaya, don Allah duba mini wanga, ka gaya mini gaskiya." Tun kafin in buɗe na san abin da zan tarar. Ƙarti uku sun naɗe fuska da rawani, wuƙa tana walƙiya, an zuba wa wani zoɓo a riga wai jini ne, kiɗan tsoro kuma ya tashi tun daga sakan na farko bai sauka ba sai da sunayen 'yan wasa suka fito. Minti 20 cur, gabana bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ni ma da haka na fara. Ba zan ɓata lokaci a kan riƙe waya a kwance ko goge idon kyamara ba, wanda bai san wannan ba ya fara zuwa ɗaukar biki tukuna.

Fara da rage labarin

Mutum ɗaya a cikin haɗari, wuri ɗaya, da lokaci mai ƙurewa. Shafi 5 zuwa 7 ya isa, don a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya yakan ba da kimanin minti ɗaya. In labarinka yana da kishiya da rabon gado da boka da ɗan'uwan da ya dawo daga Legas, ajiye shi don fim mai dogon zango.

Sannan ka yanke shawara a kan abin da mai kallo zai sani. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya ba da misali da bam a ƙarƙashin tebur. Mutum biyu suna hira, bam ya tashi, mai kallo ya firgita na sakan 15. Amma in ka nuna masa bam ɗin tun farko, ga kuma agogo a bango, hirar banza ma sai ta riƙe shi minti 15 yana jin kamar ya yi musu ihu su tashi. Yaranmu na farkon suke yi, su ɓoye komai sannan su buga ƙara.

Ga misalin da nake ba su. Matar aure ta dawo daga gidan suna bayan magariba, maigida ya tafi Ƙaura Namoda sai gobe. Kafin ta shigo mun riga mun ga ƙafafu biyu cikin silifas mai ƙura a ƙarƙashin labulen uwar ɗaka. Ta shigo, ta tura ƙyaure, ta zura sakata, ta ƙara da kwaɗo, ta ajiye makulli a kan murfin randa. Ita a ganinta tsare kanta take yi, mai kallo kuwa ya san kulle kanta ta yi da shi. Cajin wayarta saura kashi 3. Ƙanin mijinta ya ce zai biyo da saƙo bayan isha'i. Ka ga an sami agogo ke nan, ba a zub da jinin kowa ba, ba a yi maganar da ta wuce layi huɗu ba. Layukan ma ka bar 'yan wasa su faɗe su da bakinsu na gida. In yarinya ta saba cewa "mi ya faru", kada ka tilasta mata Kananci, za ta koma karanta allo.

Wuri, da mutanen wurin

A jiharmu ba a wasa da wannan. Kada ka fita bayan gari da dare da mutane masu rufaffen fuska, kuma bindigar roba ko ta katako ka manta da ita gaba ɗaya. Jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango ku daga nesa ba zai tsaya tambayar wa ke ba da umarni ba. Gida ɗaya mai zaure da tsakar gida ya ishe ka. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, wasan kwaikwayo za mu ɗauka a gidan wane, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, za a ji 'yar ƙara kaɗan." Maƙwabta ma a gaya musu. Mace ta ƙwalla ihu da dare a cikin unguwa ba tare da an sanar ba, kai ma ka san abin da zai biyo baya.

Haske da saitin waya

Duhu a fim haske ne da aka tsara. In ka kashe fitila ka ɗauka, waya za ta cika maka hoto da ɗigo-ɗigo kamar tsakin gero. Fitilar caji ɗaya mai ƙarfi, a ajiye ta daga gefe, rabin fuska ya haskaka rabi ya faɗa inuwa. In ta yi tsanani, rataya farin ƙyalle a gabanta. Ƙwan da ke tsakiyar silin ka kashe shi, yana baje komai ya mai da ɗakin kamar shagon magani.

Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan hoto 30 a sakan, shi ya sa kake ganin layi-layi suna yawo a bango. Sa wayarka a kan hoto 25 a sakan, gudun shata kuma, wato lokacin da idon kyamara ke buɗe wa kowane hoto, 1/50 na sakan. In manhajar wayar ba ta ba ka dama, Open Camera kyauta ce a Android. Ka kulle haske da fokas, kada wayar ta riƙa gyara kanta duk sanda 'yar wasa ta gifta. Ni ba na haska fim da wutar janareto, ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abin da za ka ɗauka

Rubuta jerin hotunan a takarda tun a gida. Hoto ɗaya mai faɗi a farko, don mai kallo ya san ina ƙofa, ina randa, ina labule, kuma taku nawa ne tsakaninsu. In bai san nisan ba, ba zai ji tsoro ba sa'ad da ta matsa. Daga nan sai ka riƙa matsowa: hannu a kan sakata, makulli a kan murfi, idonta, yatsun ƙafar nan suna motsi kaɗan. Fuskar mutumin kada ka nuna ta. Da zarar an gan shi za a ce ai wane ne mai gyaran babur, shi ke nan fim ya mutu.

Ja layi da gawayi a ƙasa daga matar zuwa labulen, kyamara ta zauna gefe ɗaya na layin har a gama fitowar. Wannan ce ƙa'idar digiri 180. In ka tsallaka, a wajen haɗawa za ka ga kamar ta juya wa labulen baya alhali shi take kallo. Waya kuma ta zauna a kan sanda ko a jingine ta da bulo. Girgiza hannu don wai a nuna tashin hankali jiri kawai yake sawa.

Sauti, inda na faɗi

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a irin wannan fim ji ne ke jan gani da hanci. A nan na yi asarar fim ɗina na farko. Kwana biyu muka yi a wani gida a Tudun Wada, hoto ya yi kyau har ina yaba kaina. Wayar tana kan sanda taku biyar daga yarinyar, ita ke ɗaukar hoto ita ke ɗaukar murya. Muna wurin ban ji wani abin damuwa ba, domin kunnen mutum yana tace abin da ba ya so. Makirfo ba ya tace komai. Da na zauna haɗawa na sa iyafis, sai ga injin markaɗen maƙwabta, ga janareton mai cajin waya a bakin layi, ga akuya. Duk inda na yanka, gurnanin janareton sai ya canza murya, kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Raɗar da yarinyar ta yi, wadda fim ɗin gaba ɗaya ya rataya a kanta, ta nutse. Na ɗauko kiɗa na lafta a kai don in rufe kunya. Ranar da na nuna wa abokai a majalisa, daidai inda ta miƙa hannu za ta ɗaga labule akuyar ta yi kuka. Sai da wani ya faɗo daga benci. Wani ya ce, "Darakta, akuyar ga ta fi kowa iya wasa."

To ga abin da nake yi tun daga ranar. Ana gobe ɗauka, ka je gidan a daidai lokacin da za ku yi aiki, ka zauna minti 10 ido rufe, ka rubuta duk abin da ka ji. Wanda za a iya roƙa a kashe, a roƙa. Mai janareto in ka biya shi cinikin awa biyu zai kashe, kuma kuɗin nan ya fi duk wanda za ka kashe amfani. Wanda ba a iya kashewa, a kauce wa lokacinsa. Lokutan kiran salla sananne ne, ka tsara hutu a kansu, a yi salla a dawo. Fanka da firij a kashe su. Za a yi gumi, musamman a watan Afrilu, amma gumin fuska a irin wannan fim kwalliya ce ta kyauta.

Makirfo ya matso. Duk sanda ka ninka nisan da ke tsakaninsa da baki, ƙarfin muryar yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. Taƙi ɗaya zuwa biyu daga baki, nan ne wurinsa. Ɗan ƙaramin makirfon maƙalawa ya wadatar, amma a ƙarƙashin hijabi yana gogar yadi ya riƙa ƙaf-ƙaf, sai ka manne shi da filasta, ka naɗe wayarsa kada ta ja. In babu kuɗinsa, aro wata waya, sa ta a yanayin jirgin sama, ka ɓoye ta bayan randa ko ƙarƙashin matashi tana ɗaukar murya ita kaɗai. A farkon kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka haɗa murya da hoto daga baya. Mutum ɗaya kuma aikinsa kawai ya sa iyafis ya saurara, yana da ikon tsai da ɗauka ko da darakta bai so ba. In manhajarka tana nuna ma'auni, murya ta riƙa kaiwa wajen desibel -12, kada ta taɓa ja.

Kafin a tashi daga kowane ɗaki, kowa ya yi tsit, a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Za su yi maka dariya, ƙyale su. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma shi za ka shimfiɗa a ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya don kada a ji gaɓoɓin yanka.

Bayan kowa ya tafi, kai ka tsaya. Ka kanga makirfo a jikin sakata ka zura ta sau biyar, a hankali da kuma da sauri. Ka ɗauki ƙarar kwaɗo, da jan silifas a kan siminti, da ruwan buta yana zuba, da kukan ƙyauren langalanga, da numfashi ta hanci. Ka fita tsakar gida ka ɗauki kukan gyare na minti biyu. Gyaren nan shi ne makamina: ka bar shi yana kuka tun farkon fim har mai kallo ya manta da shi, sai daidai inda ta lura labulen ya motsa ka ɗauke shi ɗif. Ba wanda zai iya gaya maka abin da ya canza, amma za ka ga sun daina taunar gyaɗa. Kiɗa kuwa, kada ka yanko na fim ɗin Indiya, YouTube na gane shi, kuɗin tallar ya tafi wurin mai shi ko a toshe bidiyon. Ɗauki bugun taɓarya a turmi daga nesa, ka rage masa gudu a manhaja, zai koma kamar bugun zuciya. Sau biyu a fim ya isa.

Haɗawa da fitarwa

Manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ta isa a waya. DaVinci Resolve tana da ta kyauta a kwamfuta, sai dai tana son inji mai ƙarfi. Cire gaisuwa, cire tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa, kada ka taɓa kayan adon nan masu juya hoto ko walƙiya. Ka bar sauti ya riga hoto isowa, a ji jan silifas tana nan tana alwala, sannan a ga labule. Inda kake jin hoton ya daɗe a kan fuskarta, ƙara masa sakan biyu.

Ƙarshen fim dole ya fito daga abin da aka riga aka gani. Ƙanin miji ya yi sallama daga waje, "Matar yaya, buɗe mini." Ta ruga wurin randa, ta shafa murfi, babu makulli. Allo ya yi baƙi, a ji ƙarar makullai a bayanta. Kada ka biyo da 'yan sanda, kada ka ce mafarki ne.

Fitar da shi a ingancin hoto 1080, ka saurare shi da lasifikar waya, don da ita yawancin mutane za su ji shi. In sinima ko kasuwa kake nufi, sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa. Kafin ka ɗora, ba wani wanda ba ya cikin aikin ya kalla, kai kuma ka kalli fuskarsa, ka rubuta sakan ɗin da ya fara ɗauke ido, ka koma ka datse wurin. In za ka turo mini ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse shi duhun nan da ka sha wuyar tsarawa ya koma taɓo.