Yadda Ake Tara Takardun Hannu na Amurkawan Dā

Sabon shiga kullum sa hannun George Washington, shugaban Amurka na farko, yake nema, a nan kuma 'yan damfara ke jiransa. Ka ƙyale manyan mutane. Fara da rasit ɗin maƙeri, takardar bashi, shaidar sayen gona, ko shafin littafin ɗan kanti, daga 1750 zuwa 1850. Suna da sauƙin kuɗi a gwanjon intanet, kuma ba wanda zai ɓata lokacinsa ya ƙera jabun rasit ɗin gishiri. Riƙe gari ɗaya ko sana'a ɗaya, kada ka zama mai kwashe duk abin da ido ya gani.

Kafin ka biya ko sisi, sa mai sayarwa ya ɗaga takardar gaban fitila ya ɗauko maka hoto. Da tsumman lilin da auduga ake yin takarda a lokacin, shi ya sa har yau take da laushi da ƙwari. Ta ƙarni na 18 za ka ga siraran layuka a jikinta, sau da yawa har da tambarin masana'anta. Tawadar kuwa mai ƙarfe ce, ta kan koma ruwan ƙasa, wani wurin ta ci takardar ta ɓullo ta baya. Nan aka taɓa cin kuɗina: takarda rawaya ƙamas, kamar an gasa ta, na ɗauka tsufa ne. Ashe bugun inji ce. Da na lura, kaurin tawadar ɗaya ne daga sama har ƙasa, alhali alƙalamin gashin tsuntsu yakan fara da kauri, ya dusashe, sai an sake tsoma shi.

Wasiƙar 1790 a cikin ambulan, yi shakka. Ninke ta ake yi a manne da kaki, kan sarkin Amurka ma sai 1847 ya fito. Kafin 1752, a yankunan Amurka da Ingila ke mulka, shekara na farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka in ka ga Fabrairu 1740/1, wato 1740 a tsohon lissafi, 1741 a sabo, ba kuskure ba ne. Lissafi da fam, sule da kwabo ya ci gaba har bayan zuwan dala.

Takardun kotu da na majalisar gari, guje su, hukuma na iya cewa nata ne.

Ajiya kuwa, a shimfiɗe cikin fayil marar asid, nesa da rana, damshi da gara. Ban da salatif, ban da laminatin.